Kunnen Yaya da Gaisuwar Safe

A unguwarmu ta Lazare kowa ya san ni da baki. Inna ta ce ranar da aka haife ni, kafin ungozoma ta yanke cibi na riga na ba ta labarin abin da na gani a hanya. A lakwal, wato makarantar boko, Rediyo ake ce mini, a gida ma haka. In na ga karnuka biyu suna faɗa a bakin kasuwa, kafin in iso ƙofar gida sun zama kuraye goma da jandarman da ya raba su da bulala. Ba na musu, ina ƙara gishiri. Amma abin da zan faɗa a nan ban ƙara masa komai ba, sai inda kowa zai gane da kansa.

Shekarar da ruwa ya yi mana rowa ce, sojoji na kan mulki. Damina ta zo ta leƙa mu ta koma. Kogi ya janye har yara suna buga ƙwallo inda da ake jefa taru. Pomponmu ya daina kawo ruwa, sai tari kamar tsoho mai asma. Hatsi ya bushe a kan kara can ƙauyenmu na wajen Tawa, sai Kawu, yayan Inna, ya kwaso iyalinsa kaf ya sauka gidanmu. Yaransa sun yi yawan da in ka taka tabarma sai ta yi kuka. Baba direban babbar mota ne, amma hanyoyin fatauci sun toshe, motar ta zauna a bayan gida har kaji suka mai da ita ɗakin haihuwa. Saboda haka tukunyar gidanmu a kan mutum ɗaya take tsaye, yayana soja. In wata ya ƙare ya shigo da buhun shinkafa a bayan moto, babur ɗinsa ke nan, ranar har Kawu yakan miƙe ya ba shi kujera.

Aikin Yaya neman nakiya ne. Masu iƙirarin jihadi sun koyi binne bam a hanyoyin da ke hayin kogi, inda motocin sojoji da na jandarma suke bi. A bido, wato jarka, suke haɗa shi, ko a tsohuwar tukunya, su ɗora katako a sama, su rufe da ƙasa, su koma daji su jira nauyin taya. Shi Yaya ƙasa yake sauka ya yi gaba da ƙafa, motoci na binsa sannu a baya. A hannunsa akwai sanda mai faifai a ƙarshe, da waya da ta taho har kunnuwansa. In faifan ya ratsa kan ƙarfe, sai ta yi masa kuka a kunne. Ya taɓa gwada mana da tsintsiya a tsakar gida, yana lilo da ita dama da hagu, ya zo kan ƙafar Kawu ya ce, “Kiiii! Ga wata tsohuwa nan tun ta zamanin Nasara.”

Bam ɗin farko da ya same shi ba na katako ba ne, wani ne ya ɓuya a nesa ya tayar da shi da waya, kusa da inda Yaya yake tsaye. Aka kawo mana shi da ƙafafunsa da hannuwansa. Inna ta ƙirga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen tumatir, ta tarar babu wanda ya ɓata, ta yi sujada a kan siminti. Busasshen jini kawai muka gani a bakin kunnuwansa. Aka ba shi hutu ya zauna gida.

Ba wanda ya lura da komai, saboda Yaya yana amsa gaisuwa. Da safe in na durƙusa na sunkuyar da kai na ce ina kwana, sai ya ce lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya jiki, da sauƙi. Maƙwabta suna zuwa dubiya, su jero tasu tun daga kwana har iyali har zafin gari, shi kuma yana ba kowace amsarta a kan layi, ya rufe da madalla. Su tashi suna cewa yaron nan Allah ya tsare shi. Muryarsa ce kawai ta ƙaru, in ya ce a miƙo masa sukari sai mai shagon kan kwana ya fara aunawa.

Ni na gano. Wata safiya tiren kwanoni ya suɓuce mini a bayansa. Kaji suka tashi sama, jaririn Kawu ya tsandara ihu, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati don ta zaci bam ya iso Lazare. Yaya yana zaune yana fifita gawayin shayi, ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Washegari na durƙusa kamar kullum, na ja mayafi na rufe baki.

“Yaya, ina kwana?”

“Lafiya lau.”

“An ce akuyar Kawu ta haifi moto.”

“Ba gajiya.”

“Kuma kai ne ubanta.”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Yaran Kawu suka zube ƙasa suna birgima. Daga ranar muka samu sinima kyauta. Kowace safiya sai su yi layi, kowa da abin da ya kwana yana shiryawa. A ce masa kansa kamar tulu, ya ce madalla. A ce za a sayar da shi a kasuwar dabbobi, ya ce Allah ya sa. Kawu da kansa ya zo kallo, ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Yaya yana ganin muna dariya sai shi ma ya yi, don kada a bar shi a baya.

Inna ce ta kashe wasan. Ta fito daga madafa ta tsaya a bayansa, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye, wanda ko yana cikin barci yakan amsa. Ta sake kira. Ta ajiye muciya a ƙasa a hankali, ta koma ciki, ba ta ƙara fitowa ba sai azahar.

Da rana aka yi shawara a ƙarƙashin dogonyaro. A gabansa aka yi ta, yana zaune yana zuba musu shayi, tunda ba a buƙatar a kore shi.

Inna ta ce wa Baba, “Malam, a je a faɗa wa manyansa. Da kunne yake aikin nan.”

Baba ya ce, “Kunne yakan dawo. Na san wani makaniki da taya ta fashe masa a fuska, yanzu har raɗa yana ji.”

Kawu ya kurɓi shayi ya ce, “Ke dai ba ki da lissafi tun muna yara. In suka ji kurma ne sallamarsa za su yi. To sai mu ci me? Kunnen za ki dafa mana?”

Inna ta ce masa, “Ɗana ne fa.”

“Waɗannan da ke kwance a tabarma fa, 'ya'yan itace ne?”

Shi Yaya ya dubi bakin wannan ya dubi na wancan, ya gane inda aka dosa. Ya ajiye buta ya ce, da muryar da ta kori tsuntsaye daga bishiya, “Inna, ki kwantar da hankalinki! Sandar tana ɗan girgiza a hannu! Akwai 'yar fitila ma a jikinta!” Na ce fitila a tsakar ranar hayin kogi, wa zai gan ta? Bai ji ni ba, amma ya ga bakina yana motsi. Ya kama kunnena ya murɗa kamar mai neman tasha, ya ce, “Rediyo, a rage murya.”

Aka shiga horo. Asibitin sojoji ya cika da waɗanda ba su da ƙafa, saboda haka mai gaɓoɓinsa cikakku ba a ɓata masa lokaci, ajidan ɗinsu, wato shugaban rukuninsu, shi ne zai zo gida ya dube shi ya ce ya warke ko bai warke ba. Kawu ya kifa kwano a ka ya zama ajidan. Baba ya zauna a gefe da tasbaha: in ya ja ƙwaya ɗaya, Yaya ya ba da amsa ta gaba, in ya girgiza ta duka, ya ce “Wi, mon ajidan,” wato to ranka ya daɗe da Faransanci. Baba ya ce aikin soja dama bai wuce wannan kalmar ba. Suka yi ta maimaitawa har Yaya ya fi masu kunne iya hira.

Ajidan ya zo wata la'asar, dogo, mai furfura a gefen kai, idanunsa ja kamar bai yi barci ba tun bara. Wanda ya tuƙo shi abokin Yaya ne, Bazabarme ɗan unguwar Gudal, wanda ya saba zuwa gidanmu cin dambu. Duk zuwansa sai ya kawo wa Inna salati da tumatir daga lambun babansa, ni kuma ya tambaye ni labaran duniya na ƙarfe ɗaya. Hausarsa a karkace take, ina kwaikwayonsa a gabansa, yana cewa zai kai ni kogi ya ba dorinar ruwa.

Aka shimfiɗa tabarma. Ajidan ya fara gaisuwa, kuma mutumin kirki ne wajen gaisuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Wuni, gajiya, jiki, gida, iyaye, zafi, haƙurin zaman gari. Tasbahar Baba tana tafiya, Yaya yana amsawa kamar ruwa a kwata. Ajidan ya yi wata magana da Faransanci, tasbaha ta girgiza, Yaya ya ƙame ya ce, “Wi, mon ajidan!” Kawu ya dubi sama yana murmushi kamar ya hango hadari.

Ni aka ba ruwan baƙi in kai. Inna ce ta miƙo mini kofin, ta riƙe hannuna ya ɗan daɗe. Na ajiye ruwan gaban ajidan, na juya na durƙusa gaban Yaya, na tare tsakaninsa da tasbahar Baba, na ja mayafi.

“Yaya, ina wuni?”

“Lafiya lau.”

“Akwai nakiya a ƙarƙashin tabarmar da kake zaune.”

“Ba gajiya.”

“Yanzu za ta tashi da kai da ajidan.”

“Madalla, madalla.”

Tsakar gida ta yi tsit, har ina jin pompo yana tarinsa. Sai Baba ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. “Ranka ya daɗe, ka ga Rediyo ke nan! Haka suke wasansu kullum, shi ma ya saba biye mata. Yarinyar nan jiya ta ce ta ga kada yana sayen goro a kasuwa.” Kawu ya karɓe, “Wallahi maƙaryaciya ce ta bugawa a jarida. Ai mu mun gaji.”

Na ce, “A sa shi ya juya baya, a kira shi. Sau ɗaya kawai.”

Ajidan bai sa shi ya juya ba. Ya daɗe yana kallon Yaya. Sannan ya dubi yaran Kawu da suka jeru jikin bango, ya dubi tukunyar da ke kan murhu. Ya ɗauki ruwan ya shanye, ya ce, “Ƙafa biyu, hannu biyu, ido biyu. Ina da mutanen da ba su kai haka ba. Masu iya riƙe sandar nan sun kusa ƙare mini.” Ya miƙe, ya dafa kafaɗar Yaya, ya nuna masa ranar komawa da yatsu. Da baki ya gaya wa Baba, shi kuwa da yatsu ya nuna masa.

Na bi ɗan Gudal har bakin mota. Ya ce, “Rediyo, kar ki kuka. Ni ya sani tun asibiti. Motata ne na farko a bayansa, ni zan zama kunnensa.”

Na ce, “Sandar a kunnensa take kuka, ba a naka ba.”

“Ido ma yana ganin ƙasa da aka tona. Ni ɗan lambu ne, ƙasa ba ya ɓoye mini.” Ya ciro tumatir ɗaya daga aljihun kakinsa, ƙarami, ya yamutse don rashin ruwa, ya ɗora mini a ka ya shiga mota.

Da suka tafi Baba ya ɗauko tsohon bel na injin motarsa, ya hau ni da duka. Ban san adadin ba, na dai san na yi ihun da mutanen unguwar Banifandu can nesa suka rufe tagogi. Yaya yana tsugune a bakin rariya yana wanke kofunan shayi, ya ba mu baya. Har aka gama bai juyo ba. Da ya juyo ya ga fuskata, ya tambayi Inna ko kunama ce ta harbe ni.

Ya koma aiki. Wata ya ƙare, buhu ya shigo, muka ci. Ni ma na ci, har da ƙanzo. Ya je hayin kogi ya dawo lafiya, ya sake zuwa ya dawo. Kawu ya samu abin tsokana. Duk safiya in na gaishe shi sai ya ce, “Rediyo, ina labarin nakiyar? Ko tana ƙarƙashin tabarmata?” Yaransa su amsa da kiiii. Har na fara tunanin ko sandar da gaske tana girgiza a hannu.

Ran da aka dawo da shi da tsakar rana ne, muna tsince shinkafa. Wata mota ta ajiye shi a bakin lungu ta wuce, ba wanda ya rako shi ciki. Inna ta tashi za ta ƙirga yatsu, ya janye hannunsa. Ya zauna a kan turmi da kakinsa da ƙura har gira, ya fara ba ta labari. Ina jin a ransa raɗa yake yi. Amma bai san ƙarfin muryarsa ba, saboda haka duk layinmu ya ji, har mai shagon kan kwana.

Ya ce hanyar shimfiɗe take, an share ta da reshe, an watsa kashin awaki a kai, babu alamar tono. Ya ratsa faifan a wurin dama da hagu kamar ko'ina. Rana tana tsakar ka, fitilar ba ta ganuwa. Ya taka wurin da ƙafarsa ma, amma katakon ba nauyin mutum yake jira ba. Ya wuce, ya ɗaga hannu ya yi wa mota alamar ta taho. Ya ce bai ji komai ba, ƙasa ce ta daki tafin ƙafarsa, wani zafi ya ture shi ta baya ya kifa. Da ya ɗago, taya ɗaya tana gangarawa ta gabansa ita kaɗai. Ya ce, “Inna, ni na kira shi. Da hannuna na ce ya taho.”

Ɗan Gudal da duk waɗanda ke motarsa, babu wanda ya fita.

Aka ce Yaya ya ɓoye lalurarsa, ya yaudari manyansa. Aka karɓe kakin. Ajidan bai sake zuwa gidanmu ba, buhu ma haka.

Baba ya ce dole a je ta'aziyya Gudal, in ba a je ba mutane za su yi magana. Muka tafi mu huɗu, ni da Inna muka shiga wajen mata, amma zana ce kawai tsakaninmu da maza, kuma ni ban taɓa ganin zanar da ba ta da rami daidai idona ba. Bayan gidan ga lambun, kwamin salati sun tsage, bokitin ban ruwa a kife. Uban mamacin tsoho ne siriri, hannuwansa kamar saiwa. Ya riƙe hannun Yaya da nasa biyu, ya ce fofo, sannu ke nan da Zabarmanci, sannan ya juya Hausa don baƙi. Ya tambaye shi gajiya. Ya tambaye shi hanya.

Baba ya ja ƙwayar tasbaha. Yaya ya dube ta, bai ce komai ba. Baba ya sake ja, ya sake, har ya ɗaga ta sama yana girgizawa kamar mai kiran kaji. Yaya yana kallonta, bakinsa a rufe.

Tsohon bai san komai ba, labarin kunnen Yaya bai iso Gudal ba tukuna. Ya zaci baƙin ciki ne ya ɗaure masa harshe. Ya shafa kansa ya ce, “Kar ka damu, ɗana. Kullum yana zancenka. Ya ce in kai ne a gaba, har waƙa yake yi a mota.” Maza suka ce Allahu akbar. Yaya bai ji ba. Baba ya ji, ya sa tasbahar a aljihu. Ni ma na ji, ta ramin zana.

Ba a daɗe ba Kawu ya tattara iyalinsa ya koma gidan wani ɗan'uwa a Banifandu, mai aiki a duwan, wato kwastan. Da zai fita ya tsaya gaban Yaya ya yi masa sallama, bai samu amsa ba. Ya juya ya ce wa Inna shi ba zai iya zama gidan da yaro ba ya amsa gaisuwar manya ba, tarbiyya ta lalace. Ya tafi da tabarmarmu babba, ya ce aro.

Yanzu Inna tana soya ƙosai a bakin kasuwa, ni nake kai mata itace kafin in wuce lakwal. Baba ya sayar da tayoyin motar, kaji sun ci gaba da zama a ciki. A unguwa wasu suna cewa Yaya ya taɓu, wasu suna cewa girman kai ne, wasu kuma in sun hango shi sai su sauya hanya, don akwai wata mata a layin bayanmu da ƙaninta yake cikin motar nan. A lakwal har yanzu ana cewa, Rediyo, yi mana gaisuwar kurma. Wani lokaci ina yi, don tana ba da dariya, kuma na iya muryarsa sosai.

Da safe yana zama a gindin dogonyaro da butar shayi. Inna ta ce kada in daina gaishe shi. Sai in durƙusa, amma yanzu ba na sunkuyar da kai, ba na rufe baki. Ina ɗaga fuska in buɗe baki sosai yadda zai gani, in ce Yaya ina kwana, ba tare da akuya ko moto ba. Yakan kalli bakina har in gama. Sannan ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya miƙo mini, ya koma fifita gawayi.